Mai Atishawa

Tun jiya da yamma kwampreso ya hana su sakat. Da an kunna shi sai ya yi ta gurnani yana tara iska a tanki, allurar agogonsa ta hau, ta hau, har ta wuce jan layin da Baba ya shata da jan farce. A da, a nan injin yake mutuwa da kansa. Yanzu kuwa sai ya ci gaba da gudu abinsa, can sai wani ɗan ƙarfe mai zobe da ke gefen tankin ya ɓalle da ƙara, fyaaat, irin ƙarar da take sa mutum ya saki abin da ke hannunsa.

Sau uku Auta tana zabura a safiyar nan. Na ukun ne ya ja mata. Hannunta ya tsaya wuri ɗaya da bindigar feshi, fenti ya taru a gefen ƙofar ya fara gangarowa.

Ta tsaya tana kallon ɓarnar. Babbar ƙofar gida ce mai ɓangare biyu, Yaya ya yi sati guda yana haɗa ta, mai ita kuma ya ce ƙarfe biyu zai zo da mota ya ɗauka.

"Auta!" Yaya ya ɗage gilashin walda daga fuskarsa. "Wai wannan abin naki ba zai bari mu ji da aikinmu ba?"

Rumfar ta Baba ce, amma shekara biyu ke nan yana gida. Baya ya riƙe, kunne kuma ya yi nauyi saboda ƙarar guduma ta shekara talatin. Yaya ya gaji walda, Auta ta gaji feshi, tun daga nan duk abin da ya shafi kwampreso sai a ce nata ne. Ita take duba masa mai, ita take goge shi, ita take durƙusawa kullum da yamma ta zubar da ruwan da yake taruwa a ƙasan tankin.

"Mura ce ta kama shi," in ji Dogo. Abokin Yaya ne, direban tifa, duk ranar da ba shi da lodi a bencin rumfar yake wuni. "Ku nema masa magani mana. Ko kuwa cibiyar ce ta sake motsawa, Malama?"

Auta ta sunkuyar da kai ta yi kamar tana gyara tiyo.

Baba ne ya raɗa wa sassan injin suna tun tana 'yar shekara bakwai, lokacin da take ɓuya bayansa in an kunna. Tanki shi ne Tumbi. Ɗan famfon da ke ƙasa na zubar da ruwa shi ne Cibiya. Baƙin akwatin da yake kashe injin in iska ta cika, Mai gadi. Ɗan ƙarfen nan mai zobe kuwa Mai atishawa. Da waɗannan sunayen ta girma, ba ta taɓa kawowa a ranta akwai wasu ba, sai bara da ta ce wa Yaya a gaban mutane cibiya ta toshe. Dogo ya yi dariya har ya sauko daga benci. Wata uku yana kiranta Malama Cibiya, har masu shagunan kusa suka ɗauka. Tun daga ranar, in za ta yi maganar injin, da yatsa take nunawa.

Allurar ta sake kama hanyar jan layi. Auta ta ɗaga kafaɗa tana jiran ƙarar, sai kawai komai ya yi tsit. An ɗauke wuta.

"Madalla," in ji Yaya da ɓacin rai. Ya ajiye gilashin, ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa mata. "Tunda an samu shiru, kira makaniki. Ke kika san ciwonsa."

"Yaya, kai ka kira."

"Ni na san me zan ce masa? Karɓi."

Wayar Yaya ta taɓa faɗawa cikin ruwa, ba a jin magana sai an buɗe lasifika. Don haka duk rumfar ta ji ƙarar shigar kiran, ta kuma ji muryar makanikin a cikin hayaniyar wasu injina.

"Wa ke magana?"

"Ni ce. Ƙanwar mai walda."

"Wa? Ɗaga murya, 'yan mata, ina cikin aiki."

"Ƙanwar mai walda ce. Ina kwana. Kwampresonmu ne."

"Me ya same shi?"

Maganar tana nan a bakinta: Mai gadi ya daina kashewa, Mai atishawa yana ta atishawa. Ta ɗago ido. Dogo ya gyara zama, ya dafa gwiwa da hannu biyu, bakinsa a shirye. Ta shiga laluben wata kalma ta manya, wadda ta taɓa ji a bakin masu gyara, wadda ba wanda zai yi wa dariya.

"Yoyo yake yi," ta ce.

"Ta ina? Tiyo?"

"A'a. A jikin tanki. Wani ɗan ƙarfe ne."

"Mai zare? Irin wanda ake ɗaurawa da sifana?"

"E."

"Haba, don wannan kuke kirana? Ku sauke iskar, ku kwance shi, ku naɗa masa farin tef ku mayar. In ya ƙi, ku samu bolti daidai ramin ku toshe kafin in zo jibi. Ki gai da Baba."

Ya kashe.

"Kin ji," in ji Yaya yana karɓar wayar. "Abin minti biyar kin bar mu muna shan tsawa tun jiya."

"Yaya." Sai da ta matso kusa da shi don kada Dogo ya ji. "Baba ya ce ba a taɓa shi."

"Baba makaniki ne? Da kunnenki kika ji abin da mai aikin ya ce. Ni dai je ki sayo tinar tsinka fenti da samfefa ki gyara wannan hawayen da kika yi wa mutane a ƙofa. Kar ki tsaya kallon hanya."

Ta cire ƙyallen da take rufe hanci, ta ɗauki galan. A bakin rumfa ta waiga. Yaya ya riga ya jawo akwatin da yake tara tsofaffin kusoshi da noti, yana tonawa da yatsa.

Ba wuta dai, ta gaya wa kanta. In aka ɗauke da hantsi haka, sau da yawa sai la'asar.

Shagon da suke sayen fenti yana can bayan babban titi, tafiyar kusan minti goma sha biyar. Ta bi gefen kwalbati tana sauri, sai kuma ta rage, sai ta sake sauri. Galan ɗin babu komai a ciki, yana ta bugun gwiwarta. Makaniki ne ya faɗa. Shekara nawa yana gyaran injinan masana'anta, ita wace ce da za ta ja da shi? Amma ai ba ta gaya masa injin ba ya mutuwa ba. To ai bai tambaya ba. Ya tambaya mana, cewa ya yi me ya same shi.

A mahaɗar hanya ta tsaya cak. Hagu gida, dama shago. In ta je gida sai ta sa baki a kunnen Baba ta yi ta ihu kafin ya gane, Umma ta fito daga kicin, maƙwabta su ji ta katanga. Kuma me za ta ce? Ta ce kunyar sunan da ya raɗa ta ji? Wani mai babur ya danna mata hon, ta yi tsalle gefe, ta bi dama.

Ranar da Baba ya fara nuna mata ɗan ƙarfen ta dawo mata. Ya kama yatsanta ya zura a zoben, ya ce ja. Ta ja, iska ta fashe mata a fuska, ta ƙwalla ƙara ta fashe da kuka. Shi kuwa dariya yake yi. "Atishawa ya yi, Auta, ba cizo ba. Ba ki ce masa yarhamukallahu ba?" Sannan ya goge mata hawaye da bayan hannu ya ce, "Wannan ba a ɗaure shi, ba a toshe shi, ko wa ya ce." Bai faɗi dalili ba. Ko kuwa ya faɗa, kuka ya hana ta ji. Ta yi ta juya abin a ranta har ta wuce kwanar shagon da taku goma, sai da ta dawo baya.

Shagon dogo ne, mai duhu ta ciki. Gefe ɗaya gwangwanayen fenti har rufi, ɗaya gefen kayan injina: bel-bel a rataye, tiyo a naɗe, da kabad na gilashi cike da ƙananan ƙarafa. Mai shagon dattijuwa ce mai jiki, kowa Mama yake ce mata. Da mijinta suka fara sana'ar, ya rasu ta ci gaba. Tana zaune tana fifita da kwali, fankar sama a tsaye.

"'Yar mai walda, yau ke ce da rana tsaka? Ya jikin Babanku?"

"Da sauƙi, Mama. Tina nake so, da samfefa mai laushi guda biyu."

Mama ta tashi da ƙyar ta karɓi galan. Tana ɗurawa, Auta ta jingina da kabad ɗin gilashin tana kaɗa ƙafa. A nan ta gan shi. Yana kwance a jere da 'yan'uwansa guda biyar, sabo fil, ruwan tagulla, da zobensa.

Ta ɗora yatsa a kan gilashin daidai inda yake. Wani mutum ya shigo neman burushi, ya tsaya yana zaɓe kamar mai zaɓen mata, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya shafa wancan a tafin hannu. Auta ta matsa gefe. Ta cire yatsa daga kan gilashin, ta mayar. Sai da ya fita tukuna.

"Mama, wannan mene ne sunansa?"

"Wanne? Ɗaga murya, ni ma kunnen ya fara bin na Babanku."

"Wannan mai zoben."

"Sefti bawul ke nan. Naku ya lalace?"

"Yoyo yake yi."

Mama ta ajiye mazurari. "Yoyo kamar yaya? Tsiii yake yi kullum a hankali, ko kuwa shiru yake sai can ya buga gaba ɗaya?"

"Sai can ya buga. In allura ta wuce ja."

"To wannan ai ba yoyo ba ne, 'yar nan. Yoyo shi ne iska ta fita ta inda ba a yi mata ƙofa ba. Wannan kuwa ƙofa ce aka yi mata da gangan. In firesha ta yi yawa, wato iskar ta matsu fiye da yadda tanki zai iya ɗauka, shi ne yake buɗewa ya rage. Aikinsa yake yi. Injin yana mutuwa da kansa in ya cika?"

Auta ta girgiza kai. "Tun jiya ba ya mutuwa."

"Ka ji inda ciwon yake. Suwic ɗinku ne ya tafi, baƙin akwatin nan da wayar wuta take shiga. Shi ne yake jin firesha ya kashe mota. Tunda ya daina, ba abin da ya rage tsakaninku da tankin sai wannan ɗan ƙarfen da kike rainawa." Ta ɗauki mazurarin ta ci gaba da ɗuri. "Ku bar kunna shi har a canza suwic. Tankin nan naku ai ya girme ki. Ni na sayar wa Babanku bel ɗinsa na farko."

"In aka toshe shi fa?"

"A toshe me?"

"Bawul ɗin. Da bolti."

Mama ta juyo gaba ɗaya. "Wane mahaukacin ne zai yi haka?"

Wani abu ya yi ƙara a sama, ƙiiƙ. Su biyun suka ɗaga kai. Fankar ta motsa, ta yi juyi ɗaya a hankali, ta yi na biyu, ta kama gudu. Daga shagon kusa rediyo ya tashi da kansa.

An kawo wuta ke nan. Layin wutarsu ɗaya da nan. Kuma da aka ɗauke ɗazu, ba wanda ya kashe makunnin kwampreso. Ita ce mai kashewa, ba ta kashe ba.

"Mama, Yaya ne. Makaniki ya ce a toshe. Ni na ce masa yoyo ne."

"Innalillahi. Faɗi lambarsa."

Ta faɗa, bakinta yana harɗewa, sai da ta maimaita. Mama ta kira. Ya yi ta ƙara har ya katse. Ta sake. Ya katse.

"In yana goge ƙarfe da giranda ba ya ji," in ji Auta.

"To me kike tsaye yi? Ki kashe wuta daga nesa, kar ki je gindin tankin. Ki fitar da kowa. Iskar kuma ta bakin tiyo za ki sauke, kina waje. Kin ji ni? Bar galan ɗin nan! Gudu!"

Rabon Auta da gudu a titi tun tana firamare. Ta tattare siket da hannu ɗaya. Wani tela da ke bakin shagonsa ya miƙe yana tambayar lafiya, wata mata ta janye ɗanta daga hanya. Ta san kallonta ake yi, ta ji shi a bayanta kamar zafin rana, amma ƙafafun ba su tsaya ba. Tana gudu tana lissafin injin. Dole Yaya ya sauke iskar kafin ya kwance, ke nan daga babu tankin zai fara. Daga babu zuwa jan layi yakan ɗauki lokacin da take haɗa fenti ta tace shi. Bayan jan layi kuma fa? Ba ta taɓa ganin bayan nan ba. Ba wanda ya taɓa gani a rumfarsu.

A babban titi motoci sun ƙi tsayawa. Ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. Wata bas ta rage gudu don sauke fasinja, ta kutsa ta gabanta, kwandasta ya leƙo yana zagi. Ba ta ji me ya ce ba.

Tun daga kwanar layinsu ta jiyo shi. Ba muryarsa ba ce ta kullum. Gurnanin ya yi ƙasa, yana ja da ƙyar kamar mai hawan tudu da kaya, bel yana wani siririn kuka a kai. A saman wannan kuma ƙarar giranda.

Motar kaya tana tsaye a bakin rumfa. Mai ƙofa ya zo da wuri, yana tsaye da hannu a baya yana duba aikinsa. Dogo yana kan benci, ya miƙe ƙafa ya ɗora a kan ƙafar tankin. Yaya ya ba injin baya, taku biyu tsakaninsu, yana goge bakin wani ƙarfe, tartsatsi yana tashi. A inda Mai atishawa yake zama, kan wani baƙin bolti ne, da farin tef yana leƙowa ta gefensa.

Babban makunnin rumfar yana jikin ginshiƙin bakin ƙofa. Ta kama hannunsa da hannu biyu ta ja ƙasa.

Giranda ta mutu. Kwampreso ya yi juyi biyu ya tsaya.

"Kai, sun sake ɗaukewa?" in ji Dogo.

"Ku fita," ta ce. Numfashi ya cinye maganar.

Yaya ya juyo ya ga hannunta a kan makunni. "Ke! Lafiyarki? Ina tinar?"

"Ku fita."

"Auta, kina ganin baƙo a tsaye..."

"Ku fita na ce! Dogo, ɗauke ƙafarka daga nan! Yaya, dubi agogo!"

Ita kanta ba ta san muryar ba. Har tantabarun da ke kan rufin kwano suka tashi. Yaya ya buɗe baki zai yi faɗa, amma idonsa ya riga ya kai kan agogon. Allurar ta bar jan layi can baya. Ta wuce lamba ta ƙarshe, ta kwanta a farin wurin da ba a rubuta komai ba. A cikin shirun, tankin ya yi ɗan ƙara, tik. Can kuma, tik.

Yaya ya ajiye giranda a hankali kamar ƙwai. Ya kama hannun mai ƙofa ya ja shi waje. Dogo ya riga su, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a ƙarƙashin benci.

Tiyon feshin dogo ne, bakinsa yana nan kusa da ƙofar da take fentawa, a wajen rumfa. Auta ta jawo shi har bayan motar kaya, ta durƙusa, ta cire gwangwanin fenti daga bindigar, ta juya bakin ƙasa ta danna. Iska ta fito da ƙarfin da ya kusa ƙwace bindigar daga hannunta. Yashi ya tashi ya watsu a ƙafafunsu. Ta riƙe. Tiyon ya yi tauri kamar sanda, yatsanta ya fara ciwo, ta canza hannu. Masu shagunan kusa sun fito sun tsaya nesa. Aka daɗe a haka, har kukan iskar ya fara laushi, ya koma huci, ya koma numfashi, ya ɗauke.

Kunnuwanta suna ta amsa kuwwa. Ta zauna a ƙasa inda take.

"Makanikin nan so yake ya kashe mu," in ji Yaya. "Wallahi in ya zo jibi..."

"Ba laifinsa ba ne." Ba ta ɗago ba. "Ni na ce masa yoyo. Ba yoyo ba ne. Bawul ɗin ƙalau yake, shi ne yake rage iska in ta yi yawa. Suwic ne ya lalace, shi ya sa injin ba ya mutuwa. Na san ba ya mutuwa, ban faɗa ba."

"Don me ba ki faɗa ba?"

Yaya ya dube ta, ya dubi Dogo. Dogo ya sosa ƙeya, ya ce bari ya ɗauko takalminsa, amma bai motsa ba.

"Ni ma da na ga zobe a jikin bawul ɗin, raina ya ba ni," Yaya ya ce can ƙasa. "Na ce me zai sa a yi wa abin toshe rami zobe." Ya goge fuska da gefen riga. "Ina na jefa shi ma?"

A cikin akwatin tsofaffin kusoshi suka same shi. Auta ta wanke shi da ɗan fetur, ta hura, ta ja zoben ta ji yana dawowa da ƙarfinsa. Yaya ya sa sifana a kan boltin. Sau biyu tana zamewa kafin ya kama, ya kwance shi, Auta ta mayar da Mai atishawa wurinsa.

Mai ƙofa ya yi gyaran murya. "To ni yanzu ina matsayina? Magina suna can suna jira. Gidan a buɗe zai kwana?"

Yaya ya dubi Auta. Bai saba dubanta haka ba, sai ta kawar da kai.

"Saura gefe ɗaya da wurin da ya gangaro," ta ce. "Amma ba za a bar shi ya yi ta gudu ba. Sai dai wani ya tsaya a kan makunni. Kuma da an gama ƙofar nan ba a sake kunna shi sai an canza suwic."

"Ni zan tsaya," in ji Yaya. Ya je jikin ginshiƙin ya leƙa. "Amma daga nan ba na hango agogon."

"Ni zan hango."

Dogo ne ya tafi karɓo galan da samfefa a wurin Mama, ba wanda ya aike shi. Kafin ya dawo sun juya ƙofar yadda in Auta ta tsaya a gabanta, agogon yana daidai idonta ta tsakanin sandunan ƙarfen. Ta goge wurin da ya gangaro, ta tsinka fenti ta tace, ta ɗaura ƙyalle a hanci. Sai ta tuna ba za a ji ta ba, ta sauke shi zuwa haɓa.

"Kunna," ta ce.

"Me?"

"Kunna!"

Injin ya tashi da muryarsa ta da. Ta jira allura ta hau rabi, ta fara feshi daga sama, hannu yana tafiya yana dawowa, ido ɗaya a kan ƙarfe ɗaya a kan agogo. Duk hawan da allurar ta yi sai ta ji shi a ƙirjinta. Mai ƙofa ya koma cikin motarsa ya zauna, ya bar gilashi a rufe. Yaya yana tsaye da hannu a kan makunni, bai jingina ba, bai ciro waya ba, ita kawai yake kallo.

Saura yatsa biyu allurar ta kai ja.

"Kashe!"

Ya kashe. Ta ci gaba da feshi da iskar da ke tanki, layi bayan layi, tana sauka zuwa ƙasan ƙofar.